Wa ya ce 125? Muhawara kan shekarun guntuwar takardar Yohanna

Ɗalibar Kundi:
Salama gare ku malamaina da 'yan'uwa. Jiya da yamma na karɓo babi na biyu na kundin digirina na uku daga hannun malamin da ke duba mini aiki, kuma tun daga lokacin na kasa sukuni saboda jimla guda. Na rubuta cewa guntuwar takardar nan da masana ke kira P52, wadda ke ajiye a laburaren John Rylands da ke Mancesta a Ingila, an rubuta ta a shekara ta 125 miladiyya, kuma ita ce kwafi mafi tsufa da ya rage na wani yanki na Sabon Alkawari. Malam ya zagaye 125 da jan biro har takardar ta kusa hujewa, sannan ya rubuta a gefe: "Wa ya gaya miki?" Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ni kuwa a littattafai huɗu na ga wannan shekara, har da wanda aka koyar da mu da shi a aji biyu. Saura mako uku in gabatar da semina, kuma malam ya yi tafiya wani taro. Ina roƙon wanda ya san bakin zaren ya warware mini, shin kuskure na yi, ko kuwa malam yana gwada ni ne?

Daktan Girkanci:
'Yar'uwa, malaminki ya yi miki gata, domin gara ki ji wannan tambaya a ofishinsa da ki ji ta daga bakin mai jarrabawa na waje ranar kare kundi. Bari mu fara da abin da ke jikin takardar. Tsawonta bai cika santimita 9 ba, faɗinta wajen 6, wato za ta ɓuya a tafin hannunki. An yi ta da fafirus, ciyawar bakin Nilu da ake tsagawa a jera a danne. Akwai ragowar layuka bakwai a gaba da bakwai a baya, daga Bisharar Yohanna sura 18, aya 31 zuwa 33 a fuska ɗaya, aya 37 da 38 a ɗaya fuskar, wurin da Bilatus yake yi wa Yesu tambayoyi. Rubutun da ke gaba da baya shi ya nuna cewa daga littafi mai shafuka ta ɓalle, ba daga naɗaɗɗen littafi ba. Bernard Grenfell ne ya samo ta a Masar a 1920, ta zauna cikin tarin takardu har wani matashin masani, C. H. Roberts, ya gane ta ya wallafa a 1935.

To, babu shekara a jikinta, babu sunan marubuci, kuma ba a san ramin da aka tono ta ba. Abin da Roberts ya yi shi ne ya kwatanta siffar haruffanta da na wasu takardu, ciki har da wasiƙu da takardun hukuma masu ɗauke da kwanan wata, ya ce a ganinsa ta fi dacewa da rabin farko na ƙarni na 2. Rabin farko na ƙarni na 2 shi ne daga 100 zuwa 150, tsakiyarsa kuma 125. Daga nan lambar ta fito. Masu rubuta littattafan makaranta suka ɗauki tsakiyar suka yar da gefe biyun, na baya ya kwafi na gaba, har ta iso babinki na biyu kamar wanda aka gani a rubuce a jikin takardar.

Rabaran Mai Karatu:
Dakta, na gode da bayani, amma ka bar ni in faɗi abin da ke raina. Na yi shekaru ina koyar da tarihin ikilisiya a makarantar horar da masu bishara, kuma na lura cewa duk lokacin da wata shaida ta goyi bayan tsufan Nassi, sai a samu wanda zai taso ya ce a sake dubawa. A ƙarni na 19 Ferdinand Christian Baur na Tubingen a Jamus ya ce ba a rubuta Bisharar Yohanna ba sai wajen shekara ta 160 zuwa 170, almajiransa suka yi ta yayata haka. Da wannan 'yar takarda ta bayyana daga Masar, nesa da Afisa inda al'ada ta ce an rubuta littafin, maganarsu ta rushe. Yanzu kuma ana so a janye ta baya. Ruwa ba ya tsami banza. Ni ina ganin ɗiyarmu ta bar 125 ɗinta, ta sa "wajen" a gabanta, shi ke nan.

Daktan Girkanci:
Rabaran, ranka ya daɗe, na fahimci damuwarka, sai dai abubuwa biyu ne muke haɗawa. Shekarar da aka wallafa littafi daban, shekarar da aka kwafi wannan kwafin daban. Wanda ya fi ɗaga wannan magana shi ne Brent Nongbri, a maƙalar da ya fitar a 2005 a mujallar tauhidi ta Harvard, kuma bai ce an rubuta Yohanna a makare ba. Abin da ya yi shi ne ya jero hotunan takardun da Roberts ya dogara da su, sannan ya kawo wasu masu kwanan wata daga ƙarshen ƙarni na 2 da farkon na 3 waɗanda haruffansu ke kama da na P52, ya ce tagar ta fi yadda aka zata faɗi. Daga baya Pasquale Orsini da Willy Clarysse, a 2012, suka sa ta tsakanin 125 da 175. Ka ga a wurinsu 125 ita ce farkon iyaka, ba tsakiya ba.

Kuma tsufan Yohanna ba a kan wannan guntuwa kaɗai yake tsaye ba. Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa, wajen shekara ta 180, yana ambaton littafin a matsayin ɗaya daga cikin bisharu huɗu da kowa ya sani, kuma kafin nan ko dab da nan wani mai suna Heraklion har sharhi ya rubuta a kansa, wanda Orijin, malamin Kirista na ƙarni na 3, ya adana mana guntayensa yayin da yake yi masa raddi. Ba a yi wa littafin da ya fito jiya sharhi. Idan muka ɗora wa takarda mai girman tafin hannu kayan da ya fi ƙarfinta, ranar da ta gaza sai a zata ginin duka ne ya zube.

Malamin Ajami:
Ku yi mini uzuri da na tsoma baki, ni fannina rubuce-rubucen Larabci da ajami ne na ƙasar Hausa da Barno, ban iya ko harafi ɗaya na Girkanci ba. Amma matsalar da kuke tattaunawa ita ce abincinmu kullum. Ina da wani alaramma da nake zuwa wurinsa, ya haura shekara 80, har yanzu yana rubuta allo da alƙalamin kara. Hannunsa bai sauya ba daga yadda ya koya yana ɗan shekara 15, kuma malamin da ya koya masa shi ma dattijo ne a lokacin. Akwai wani gardi cikin almajiransa da ke kwaikwayon hannunsa har yadda yake karya wutsiyar nun da yadda yake cika cikin sad da tawada. Idan Allah ya ja kwanan wannan gardi, hannu ɗaya zai ratsa fiye da shekara ɗari. Wanda zai zo bayan shekara dubu ya tsinci rabin shafi, da wace hujja zai ce na alaramma ne yana saurayi, ba na gardi ba yana tsoho?

Mu ma har muna da sauƙi a kanku. Takardun da aka yi amfani da su a nan a ƙarni na 19 da yawansu daga Italiya suka zo ta Tarabulus da Masar, kuma idan ka ɗaga su ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikin takardar, wani lokaci har da sunan masana'antar Galvani. Wannan yana ba ka iyakar farko. Sannan mawaƙanmu suna rufe waƙa da ramzi, inda haruffa ke tsayawa a madadin lambobi, harafin shin kuwa dubu ne a lissafin Magariba. Amma ko nan akwai tarko, domin mai kwafi yana kwafe ramzin tare da waƙar, saboda haka ramzin yana gaya maka shekarar da aka tsara waƙa, ba shekarar da aka rubuta takardar da ke hannunka ba. Na taɓa ganin ɗalibi ya faɗa wannan rami a gaban mai jarrabawa na waje, ya ce takardarsa ta zamanin jihadi ce, alhali layukan shuɗi na littafin makaranta suna nan ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin rubutun.

Malamar Kimiyya:
Ni tambayata ta ɗan waje ce. Me ya hana a yi gwajin kabon a huta da gardama? A 2015 mun ji yadda aka gwada tsofaffin shafukan Alƙur'ani da ke jami'ar Bamingham aka ce fatar tana tsakanin 568 da 645. Idan an yi wa waccan, me ya sa ba za a yi wa wannan ba?

Daktan Girkanci:
Malama, tambaya ce mai kyau, kuma amsar tana cikin lambobin da kika kawo. Daga 568 zuwa 645 shekara 77 ce. Gardamarmu a kan P52 gaba ɗayanta ba ta wuce tazara irin wannan ba, saboda haka gwajin zai iya dawo mana da tagar da muke da ita tun farko. Haka aka yi da littafin Kibɗanci, tsohon harshen Kiristocin Masar, mai ɗauke da abin da ake kira Bisharar Yahuza, wanda aka wallafa a 2006: gwaji ya ba da shekara ta 280, da ragi ko ƙarin shekara 60. Na biyu, sai an yanki wani ɓangare an ƙona, kuma mai kula da takardar da ba ta fi tafin hannu ba ba zai yi saurin miƙa almakashi ba. Na uku, gwajin yana faɗin lokacin da aka yanke ciyawar ko aka yanka dabbar, ba lokacin da alƙalami ya taɓa ta ba.

Wannan na ukun ya taɓa jefa babbar masaniya cikin kunya. A 2012, a wani taro a Rum, Farfesa Karen King ta Harvard ta gabatar da wata guntuwar Kibɗanci da aka yi wa laƙabi da bisharar matar Yesu. Gwaji ya nuna fafirus ɗin tsoho ne da gaske, na wajen ƙarni na 8. Amma masana suka gano cewa jimlolin an tsinto su ne daga Bisharar Toma, har da wani kuskuren bugu da ke cikin wani kwafinta da aka ɗora a intanet. A 2016, bayan wani ɗan jarida ya bi diddigin mai takardar, ita kanta ta amince cewa hujjoji sun karkata ga jabu ce. Takarda tsohuwa, rubutu sabo.

Mai Kula da Laburare:
Ina so in kare ɗalibarmu ta wani gefe. Littattafai huɗun da ta ambata na san su, domin ni nake jera su a kanta, kuma mafi sabo a cikinsu ya girmi wasu daga cikin ɗalibanmu. Maƙalar 2005 da Dakta yake magana a kanta tana bayan katangar biyan kuɗi, kuma rajistarmu da rumbun mujallu takan yanke wata da watanni kafin a sabunta. Ko ranar da take aiki, sai an yi sa'a da wuta. Ɗalibi yana zaune da wayarsa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya yana neman sabis, ana ce masa me ya sa bai karanta abin da aka buga a Amurka ba. Shawarata gare ki, ɗalibarmu, ki rubuta wa marubucin maƙala kai tsaye idan kin rasa ta, da gajeren saƙo mai ladabi. Mafi yawansu suna turowa, wasu ma har da murna. Hoton P52 kuwa yana nan a intanet kyauta, gaba da baya, kina iya faɗaɗa shi har ki ga zaren ciyawar.

Tsohon Farfesa:
Na bi maganganunku tun safe tsakanin takardun jarrabawa, ina da 312 a gabana kuma ana jiran sakamako ranar Litinin, don haka zan taƙaita iya ƙoƙarina, ko da yake tsoho ba ya iya taƙaitawa.

Rabaran, ni da kai mun daɗe tare, kuma ka san ba na cikin masu jin daɗin rushe abin da mutane suka dogara da shi. Amma akwai labari biyu da nake so 'yarmu ta sani. Na farko shi ne na takardar da ake kira Egerton 2, wadda ke Landan, aka wallafa ta a 1935, shekara ɗaya da P52, aka kuma sa ta wajen 150 bisa siffar rubutu. Roberts ya sa ta cikin waɗanda ya kwatanta tasa da su. Bayan shekara 52, a 1987, aka gane wata 'yar guntuwa a Kolon ta Jamus cewa daga wannan littafin ta ɓalle. A jikinta akwai wata ƙaramar alama mai lanƙwasa tsakanin baƙaƙe biyu, irin wadda ba ta yawaita ba sai wajen shekara ta 200. Alama ɗaya, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, ta sa masana da yawa suka matsar da takardar shekara hamsin gaba. Ku lura, ɗaya daga cikin ma'aunan da aka auna P52 da su ne ya motsa. Ba wani maƙiyin addini ne ya motsa shi ba, guntuwar da ta ɓata ce ta dawo.

Na biyu ya fi ciwo, domin daga ɓangarenmu masu son tsufan Nassi ya fito. A 2012, a wata muhawara da Bart Ehrman, takwaransa masanin Sabon Alkawari Daniel Wallace ya sanar cewa an samu guntuwar Bisharar Markus ta ƙarni na 1 kuma za a wallafa ta ba da daɗewa ba. Shekara shida ana maimaita wannan a wa'azi da littattafai, har ni kaina na taɓa faɗa wa aji. A 2018 aka wallafa ta cikin jerin takardun Oksirinkus, garin da yau ake kira Bahnasa, wajen kilomita 160 kudu da Alƙahira, inda Grenfell da abokin aikinsa Hunt suka fara tonon juji a ƙarshen ƙarni na 19. Masu wallafawa suka sa ta a ƙarshen ƙarni na 2 ko farkon na 3. Wallace ya fito fili ya nemi gafara, kuma na girmama shi a kan haka. Ni ma na koma aji na janye maganata, abin da ba shi da daɗi ga mai furfura a gaban 'yan shekara ashirin.

Idan kina son ki ga yadda shekara mai ƙarfi take, ki dubi guntuwar fata da aka tono a Dura-Yurofos, a bakin Furatu cikin Siriya, a 1933, mai ɗauke da labarin bisharu a haɗe. An same ta a cikin ƙasar da aka tara don ƙarfafa ganuwa kafin Farisawa su ci garin wajen 256. Ba ta yiwuwa a ce an rubuta ta bayan nan, ko me haruffanta suka yi kama da shi. Ko kuma littafin da wani bishop Bagirke mai suna Bryennios ya gano a Istanbul a 1873, mai ɗauke da Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, inda magatakarda Leo ya rubuta sunansa da shekarar da ta yi daidai da 1056 a ƙarshe, kamar yadda malamanmu suke rufe littafi da "tammat". P52 ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Wannan bai rage mata daraja ba a idona, har yanzu tana cikin mafi tsufa, watakila ita ce kan gaba, amma "watakila" ɗin nan dole ya shiga kundin.

Rabaran Mai Karatu:
Farfesa, labarin Markus ya taɓa ni, domin ni ma na faɗe shi a kan bagade, kuma ban san an janye shi ba sai yau. Na karɓi wannan. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Roberts ba ɗan koyo ba ne, kuma manyan masana fafirus na zamaninsa sun duba sun yarda da shi. Idan Nongbri ya nuna cewa ƙarshen ƙarni na 2 mai yiwuwa ne, bai nuna cewa farkonsa ba mai yiwuwa ba ne. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibi ya ji an ce taga ta faɗaɗa, sai ya ruga ya tsaya a can ƙarshenta, ya rubuta 200 da irin tabbacin da aka rubuta 125. Na riga na fara ganin haka a wasu rubuce-rubuce a Facebook.

Daktan Girkanci:
A nan kam muna tare, Rabaran. Wanda ya rubuta 200 tsurarta, jan biro ɗaya ne ya dace da su shi da mai 125.

Malamin Ajami:
Ina da ƙaramar tambaya ga Dakta kafin a rufe. Na ji ana cewa marubutan Kirista na farko suna taƙaita sunaye masu tsarki su ja layi a samansu, kamar yadda muke taƙaita salati a wasu kwafe-kwafe. Shin wannan al'ada ba za ta taimaka wajen sanin zamanin takardar ba?

Daktan Girkanci:
Gaskiya ne, Malam, suna rubuta harafin farko da na ƙarshe na kalmomi irin su Allah, Ubangiji, Yesu da Almasihu, su ja layi a kai, kuma wannan na daga cikin alamomin da ake gane rubutun Kirista da su. Sai dai a P52 duk wuraren da sunan Yesu ya kamata ya fito suna cikin ɓangaren da ya yage. Masana sun yi ta ƙirga haruffan da kowane layi zai iya ɗauka don su gane ko an taƙaita sunan ko an rubuta shi cikakke, kuma ba su daidaita ba.

Ɗalibar Kundi:
Malamaina, Allah ya saka da alheri. Na samu maƙalar da daddare ta hannun wata 'yar ajinmu da ke karatu a waje, na karanta rabinta kafin batirin kwamfutata ya mutu. Ga yadda na sake jimlar, ku duba mini: "P52 tana cikin kwafe-kwafen Sabon Alkawari mafi tsufa da suka rage, Roberts ya sa ta a rabin farko na ƙarni na 2 bisa siffar rubutu kaɗai, Orsini da Clarysse sun sa ta tsakanin 125 da 175, Nongbri kuma yana ganin ba za a iya fitar da farkon ƙarni na 3 daga lissafi ba." Matsalar da ta taso yanzu ita ce shafuka shida da ke biye da ita na gina su ne a kan cewa Yohanna ya isa Masar kafin 130, don haka su ma sai an rushe. Baba Farfesa, idan na koma kan Ireniyus da Heraklion kamar yadda Dakta ya nuna, da wanne ya kamata in fara?

Tsohon Farfesa:
Ki fara da Ireniyus, littafi na uku na raddinsa ga 'yan bidi'a, domin nasa rubutun muke da shi, Heraklion kuwa ta bakin abokin gardamarsa muke jin sa. Ki cire "kaɗai" daga jimlarki ko ki kare ta a bayanin ƙasan shafi, don malaminki zai zagaye ta. Ki turo mini shafuka shidan bayan Litinin, idan na gama da waɗannan takardu.